Ranar da Gulbi Ya Janye

"Ba ni ɗaura shi, Baiwa. Ko Hodi masunci ya kwaso limaman Argungu kaf ya tara mini a zaure, ba ni ɗaura auren ga sai kin janye ƙarar da kinka kai."

Malam Sirajo ke magana, yayanta ciki ɗaya, wanda ya taso takanas daga Badariya ta Birnin Kebbi don ya faɗa mata haka. Yana zaune a bakin tabarma, ya tattare babbar rigarsa a cinya kamar ƙasar gidan za ta cije shi.

Baiwa ba ta ɗago kai ba. Tarwaɗa take jerawa a kan ragar banda, hayaƙi na shiga idonta, ko a jikinta.

"Yaya Malam, mi ya haɗa aurena da ƙarata?"

"Kunya ta haɗa su. Gidanmu ba a cin kuɗin jini. Tun kakanninmu, in ƙaddara ta sauka, mun yahe muke cewa. Na tashi gaban jama'a na ce mun yahe, ke kuma kin tahi kin mai da ni maƙaryaci gaban alƙali."

Sai a lokacin ta ɗago.

"Wa ya aike ka?"

"Baiwa!"

"A'a, tambaya na yi. Wa ya aike ka? Kai ka yi naƙudarta? Kai ka goya ta? Ina kwance asibiti ban san inda kaina yake ba, kunka ci goron mutane kunka yahe jinin ɗiyata kamar an take muku kaza."

Bara ne abin ya faru, lokacin kwasar albasa. Duk mai sayar da kifin banda a Argungu ta san hawa saman babbar mota, haka suka tashi suka ga iyayensu na yi. Baiwa ta hau wata da ta ɗauko albasa daga Augie za ta Birnin Kebbi, ita da autarta Zainabu, da kwandunan kifinsu. A wata gangara birki ya ƙi. Daga baya aka ji ashe direba ya daɗe yana faɗa wa mai motar birkin nan ba lafiya, shi kuwa ya ce a lallaɓa a kai kaya tukuna kada kasuwa ta faɗi.

A lallaɓa! Da ran 'ya'yan mutane.

Buhuna suka rufe su. Baiwa ba ta gani, ba ta iya motsi, amma hannunta ya lalubo hannun Zainabu a tsakanin buhuna biyu. Tana matsawa, hannun yana amsa mata. Tana matsawa, yana amsa mata. Har ya daina.

Ƙashin da ya karye ya haɗu. Abin da bai haɗu ba yana ciki, inda mai ɗori ba ya kaiwa. Da ta ji warin albasa sai numfashinta ya tsaya. Da ta ji rurin inji sai gumi ya karyo mata, ta ga buhuna na saukowa ko da tsakar rana ce. To ina za ka gudu wa albasa a ƙasar da ake noma ta? Dole ta bar tukunyar gidan ɗanta, ta koma ɗakin baya da murhunta ita kaɗai. Matan gida na cin abinci suna dariya a can, ita tana nan da akushinta tana kallon bango. Suka ce Inna ta gamu da iska. Aka yi ruƙiyya, aka yi turare, har idonta ya yi ja. Likita ne ya ce ba aljani ba ne, firgicin haɗari ne ya zauna mata a jiki. Barista Ilham kuwa, lauyar da ke tsaya wa marasa ƙarfi, ta ce wannan ma rauni ne kamar karaya, kuma wanda ya jawo shi sai ya amsa.

Malam Sirajo ya sassauta murya.

"Ga Alhaji Abbas yana nan kan bakansa. Mutumin kirki. Gida a Gwadangaji, sashenki daban, likita ko wane iri. Ya ce har mota zai aje miki."

Baiwa ta yi wata dariya mai kama da tari.

"Mota. Ni za a aje wa mota. Yayan mai motar da ta kashe mini ɗiya ke nan fa. Tun da maigidana ya rasu nike zaune garin ga, Alhaji Abbas bai san da ni ba sai da sammaci ya shiga gidansu. Ba so ba ne wanga, Yaya Malam, dabara ce. An san ba a kai suruki kotu. A ɗaura mini aure a ɗaure mini baki, igiya ɗaya ta yi aiki biyu."

Malam ya miƙe yana laluben takalmi da ƙafa.

"Jibi ake zama, ko? Allah ya kai mu. Na dai biyo ta kan gada, na ga gulbi ya hwara janyewa."

Ya fita bai yi mata sallama ba.

*

Hodi masunci ne, farin gashi ya cinye masa gemu, matarsa ta rasu ta bar shi da komar kamun kifi da jirgin kwale-kwale. Shekara da shekaru Baiwa na sayen kifi a hannunsa, ba abin da ke haɗa su sai ciniki da faɗa a kan ciniki.

A zaman kotu na farko ta ɗaura niyya ta tafi tasha. Ba ta kai ga taɓa ƙofar mota ba ta faɗi, aka kwaso ta aka mai da ita gida. Alƙali ya ja kunne: mai ƙara ta sake ƙin zuwa, zai kori ƙarar. Kowa a dangi ya yi ajiyar zuciya, magana ta mutu da kanta.

Da yammacin ranar Hodi ya yi sallama a ƙofar gida. Bai ko zauna ba.

"Baiwa, gulbi ma hanya ce," in ji shi. "Jirgina ba shi da inji."

Tun daga nan, duk zaman kotu sai su tashi ana gobe, su bi Rima su gangara wuni guda, ta kwana wurin wata ƙawarta mai kifi a bakin ruwan Birnin Kebbi, da safe ta taka da ƙafa har kotu. Ita tana zaune a goshin jirgi ta ba shi baya, shi yana can ƙarshe yana tuƙi da filafili. Mutanen gaɓa suna ganinsu, ba wani ɓoye-ɓoye, amma bakin mutane ai ba ya rasa abin taunawa. A haka, da bayanta yake magana, ya ce yana sonta. A haka, da ruwa take magana, ta ce ta ji.

Washegarin zuwan Malam suka tashi bayan asuba.

Gulbi ya rame. Inda dā ruwa ke shafar ciyawar gaɓa, yanzu laka ce ta tsage. Manoman shinkafa sun kafa injinan ban-ruwa suna zuƙe ɗan abin da ya rage. Duk inda Hodi ya hango inji sai ya karkata jirgi can ɗaya gefen, ita kuma ta cusa gefen mayafi a kunne har su wuce.

Rana ta ɗaga bai ce uffan ba, mutumin da kullum sai ta ce ya yi mata shiru.

"Mai jirgi, yau bakinka ya yi nauyi. Ko kwarkwata ta ƙare a gemun?"

Bai yi dariya ba.

"Malam ya biyo ta wurina jiya."

Ba ta juyo ba.

"Sai ya ce mi?"

"Ya ce in na sa kinka janye, Juma'ar ga za a ɗaura. Shi da kansa. Ya ce zai ba Alhaji Abbas haƙuri. In kuwa na sake kai ki kotu, ya rantse ba ni ba ke har ƙasa ta ruhe mai ido."

"Kai kuma ka ce mi?"

Filafili ya shiga ruwa ya fito. Ya shiga ya fito.

"Na ce ina yi miki magana."

"Allahu akbar," in ji Baiwa a hankali. "Ashe yau ɗan aike ya ɗauko ni."

"Baiwa, saurare ni."

"Ina ji. Ina zan tahi? Ruwa gaba, ruwa baya."

"Ni ba yaro ba ne, ke ma haka. Kwana nawa ya rage muna? Ina komawa gida in tarar da ɗaki ba hayaƙi, ba mai ce mini sannu. Ke kina can ɗakin baya kina cin tuwo da bango. Shari'ar ga an ɗaga, an ɗaga, an sake ɗagawa. Su suna da lauyoyi kamar ƙudaje. In ta kai shekara goma fa? In munka mutu muna jira fa? Zainabu tana inda ta hi nan. Ba abin da alƙali zai rubuta da zai tashe ta."

Muryarsa ta karye a kan sunan yarinyar. Baiwa ta ji shi yana jan hanci, dattijo guda, a bayanta.

Hawaye ya zubo mata ita ma, ta bar shi yana zuba.

"Kai ma, Hodi? Duk garin ga mutum ɗaya nike da shi wanda bai taɓa ce mini haƙuri ba. Haƙuri, haƙuri. An cika mini ciki da haƙuri har ba wurin tuwo. Kana tsammani ban san ba ta tashi? Ni na ji lokacin da ta tahi. Ba tashinta nike nema ba."

"To mi kike nema?"

"Mutumin ga ya tsaya, a tambaye shi gaban mutane: an hwaɗa maka birki ba lahiya ko ba a hwaɗa ba? Ya buɗe baki ya amsa. Motar ga an gyara ta, an shahe ta da sabon fenti, tana nan tana ɗaukar matan Argungu. Ni kuwa ko kasuwa ba ni iya shiga. Sana'ata ta mutu, barcina ya mutu, an ce na haukace. Su ba abin da ya mutu musu. Goro sunka kawo. Goro, Hodi!"

Ta fyace hanci da gefen zane.

"Kuma a ce don na nemi hakkina na zama mai cin jini. Allah da kansa ya halatta diyya, Yaya Malam ya fi shi kunya ke nan? Shi ya karanta littahin, ni ban karanta ba, amma a bakinsa na ji."

"Ban ce ba ki da gaskiya ba."

"To mi ka ce?"

"Na ce ina sonki, kuma na gaji da kallon bayanki."

Wannan ita ce ta soke ta. Da zagi ya yi da ta san abin da za ta mayar. Ta dunƙule bakin mayafi a hannu ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka sallamo ta daga asibiti. Don ita ma ta gaji. Wa ya ce mai faɗa ba ta son a ce mata sannu? Sau nawa ta kwanta tana ƙiyasta ɗakin Hodi, inda za ta kafa murhu, inda za ta rataya ragar banda, da mutum ɗaya a duniya wanda zai ci miya ba albasa bai yi tsaki ba?

"In na janye," ta ce da ƙyar, "na sayar da ita na sayi miji. Da wane ido zan kwanta a ɗakinka?"

Ƙasan jirgi ne ya amsa mata. Ya yi ƙuuu a kan rairayi, ya tsaya cik.

*

Hodi ya naɗe wando ya sauka. Ya ɗaura igiya a goshin jirgi, ya rataya a kafaɗa, ya ja. Suka sami ruwa, suka yi 'yar tafiya, suka sake kafewa. Haka aka wuni. In ya ja, Baiwa ta sauka ta bi gaɓa da ƙafa don jirgi ya yi sauƙi. Kafin rana ta faɗi igiya ta saɓule masa fatar kafaɗa, rabin hanya kawai suka ɗan wuce. Wani ƙauyen masunta ya karɓe su, ita cikin mata, shi a masallaci.

Da gari ya waye suka koma bakin gulbi suka tsaya.

Ba gulbi. Tudun rairayi ne shimfiɗe har inda ido ya kai, da ɗan siririn ruwa yana lallaɓawa a tsakiya, wanda ko agwagwa sai ta taka ƙasa. Masuntan ƙauyen suka ce daga nan har kusa da Birnin Kebbi haka yake, sai kuma damina.

Baiwa ta zauna a ƙasa kusa da jirgi. Ta dubi rana, ta san nan da ta ɗaga sama za a kira sunanta a kotu.

"To, Hodi, Allah ya ba ka," ta ce, muryarta a bushe. "Zauna ka huta. Ba kai ka hana ni ba, ba ni na janye ba, gulbi ya janye. Alƙali ya kori ƙara, Yaya Malam ya ji daɗi, Juma'a a ɗaura. Ba mai laihi."

Ba gatse kaɗai ba ne. Wani sashe na zuciyarta so yake ya zauna ɗin. Ta gaji, ƙafafunta sun kumbura, ga uzuri Allah ya kawo har gida.

Hodi ya daɗe yana kallon rairayin. Sannan ya ja jirgi ya kife shi a gaɓa, ya ɗauki filafili ya saɓa.

"Tashi."

"In tahi ina?"

"Titi yana bayan gonakin can."

"Ka san ba ni iyawa."

"Na sani. Tashi dai. Jiya na roƙe ki ki janye da bakinki, kinka ƙi, kuma na ji dalili. In na same ki ta wagga hanya, duk ranar da kinka dube ni rairayin ga za ki gani. Ba ni son matar da gulbi ya kayar mini. Tashi, Baiwa, rana na yi."

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka san abin da Yaya Malam ya rantse."

"Da kunnena na ji."

Suka ratsa gonakin shinkafa, yana gaba tana baya. Tun kafin su ga kwalta ta fara jin rurin motoci. Hodi ya tsai da wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan shinkafa, mutum uku na zaune a saman kaya.

Buhuna. Saman kaya.

Baiwa ta tsaya kamar an kafe ta. Bakinta ya bushe, kunnenta ya toshe, ƙasa ta fara juyawa. Ta ji nauyi na sauko mata a ƙirji.

"Inna, za ki ko ba za ki ba?" in ji direba. "Kaya nike da su."

Hodi ba muharraminta ba ne, ba shi da ikon kama hannunta. Ya haye saman buhuna, ya miƙo mata kan filafili.

"Riƙe nan. Itacen jirgi ne, kin san shi. Ruhe ido. Cikin jirgi kike."

Ta kama da hannu biyu. Yadda ta hau, ita ma ba ta sani ba. Mota ta tashi, ta ƙwalla ƙara.

"Zainabu! Zainabu, riƙe ni!"

Ɗaya daga cikin fasinjojin ya matsa gefe. "Subhanallahi. Baba, mahaukaciya ce?"

"Uwa ce," in ji Hodi. "Kama bakinka."

Ya riƙe ɗaya gefen filafilin gam, ya sunkuyo yana ɗaga murya don ta rinjayi inji.

"Baiwa! Ragon ruwa, yaya ake bandarsa?"

Haƙoranta na haɗuwa.

"Baiwa, tambayarki nike. Ragon ruwa!"

"Wuta... wuta kaɗan. Yana da mai."

"Kurungu fa?"

"A karya ƙayar tukuna."

Mota ta faɗa rami ta yi tsalle. Baiwa ta yi amai a kan mayafinta, ta ce a sauke ta, a sauke ta ta mutu a ƙasa. Hodi bai saki itacen ba.

"Ni kuwa na ji an ce matan Yauri sun hi ku iya banda. An ce tarwaɗarku ɗanya kuke sayarwa, kwana biyu ta yi tsutsa."

Idonta a rufe, jikinta na ɓari, amma ta ɗago haɓa.

"Wane maƙaryaci ya hwaɗa maka? Kifina ya taɓa tsutsa? Kai da ke kawo mini na jiya ka ce na yau ne?"

"Ni? Yaushe?"

"Ranar sallar layya! Ka zaci na manta? Gargaza duk ido ya faɗa, ka rantse mini yanzu ta hito ruwa!"

Ta dinga zazzaga masa, tana kuka tana faɗa, tana tono masa cinikin shekara da shekaru, shi kuwa yana musu da gangan yana ƙara mata wuta. Fasinjoji suka rasa dariya za su yi ko tausayi. Da haka aka shiga Birnin Kebbi.

*

Da aka sauke ta a ƙofar kotu sai ta durƙusa ta dafa ƙasa. Barista Ilham ta rugo da gudu, baƙar rigarta na tashi.

"Mama! A mota? Ke ce a mota? Na kira wayar Baba Hodi har na gaji. Tashi, tashi, mu ne na gaba."

A ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro Malam Sirajo na tsaye da Alhaji Abbas, suna hira cikin nishaɗi irin na waɗanda suka zo ganin an binne magana. Malam ya juyo. Fara'ar ta zube daga fuskarsa.

Ya tako a hankali. Bai dubi ƙanwarsa ba, Hodi ya duba, daga gemu har tsagaggun ƙafafunsa masu laka.

"Da kai munka yi magana."

"An yi, Malam."

"Ka ji rantsuwata."

"Na ji, Allah gafarta Malam."

"Gulbi ya ƙahe, Allah ya kawo muna sauƙi, kai kuma ka ɗauko ta a mota. To ka ɗauko wa kanka." Sai ya juya ga Baiwa, ya nuna ta da yatsa. "Ke kuma. Ga ƙohwa nan. In kinka taka ta, ba ni ba ke. Ba ni yayanki, ba ni waliyyinki, kada a kira ni ko gawarki ce. Ki nemi wani dangi."

Alhaji Abbas ya matso yana murmushi, ƙanshin turarensa ya riga shi isowa.

"Haba Malam, a bi ta a hankali, ba ta da lahiya. Hajiya Baiwa, dubi yadda kinka wahala. Mu tahi gida ki yi wanka ki huta, duk abin da kike so a yi shi cikin rufin asiri."

"Ban je Makka ba, kada ka liƙa mini Hajiya," in ji Baiwa. "Matsa mini."

Ta dubi yayanta. Shi ya goya ta suna yara, shi ya koya mata Fatiha. Ta jira ko zai sauke yatsan. Bai sauke ba.

Ta juya ga Hodi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, filafili na hannunsa kamar bai san inda zai aje shi ba.

"Kai tsaya nan," ta ce a hankali. "Ka yi naka, har ya yi yawa. Sauran nawa ne."

Ta goge bakinta da gefen mayafin da bai ɓaci ba, ta taka ƙofar.

A ciki, ɓangaren mai mota cike yake da manyan riguna. Nata bencin ba kowa. Ta zauna a tsakiyarsa ita kaɗai, tana warin hayaƙi da laka da amai. Ta taga ta hango Hodi ya durƙusa a gaban Malam Sirajo cikin rana, yana magana yana buɗe hannu. Ta ga Malam ya fizge gefen rigarsa ya nufi titi. Ta ga Hodi ya tashi ya bi shi yana ɗingishi, har bango ya raba ta da su.

Aka kira ƙara. Lauyan mai mota ya miƙe ya yi doguwar magana, tafinta ya juya mata da Hausa: wai dangin mamaciya sun riga sun yafe tun a zaman makoki, ta bakin babbansu, don haka a ba su dama a ƙarasa sulhu a gida.

Alƙali ya sauke tabarau ya dube ta.

"Mai ƙara, kin ji. Me za ki ce?"

Barista Ilham ta yunƙura za ta tashi. Baiwa ta riga ta, ta dafa benci ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ban yi boko ba, ban yi allo mai nisa ba, a yi mini haƙuri in na karkace. Babban da sunka ce ya yahe, yanzun ga a ƙohwar kotun ga ya ce ba shi ba ni, ba dangina ba ne. Alhaji Abbas shaida ne, yana tsaye. To wanda ba dangina ba, ba shi yahe jinin ɗiyata. Ba sauran mai yahewa sai ni."

Ta ja numfashi.

"Ni kuwa ban yahe ba."